Shaggar gwanjo a unguwar Samir: yadda ake ciki

Lahadi, 6 Oktoba 2024

An fitar da sanarwar gwanjon wasu kadarori a nan Jidda a ƙarƙashin Infaz, cibiyar da gwamnati ta kafa a 2019 don sayar da dukiyar da kotu ta yanke a sayar, ta bashi ce ko ta gadon da magada suka kasa rabawa. Filaye ne suka fi yawa, kuɗinsu kuma ba na irinmu ba ne. Amma can ƙasan jerin akwai shagga ɗaya, wato gidan zama na sashe guda a cikin bene, a unguwar Samir, gabas da babban titin Haramaini: hawa na 2, ɗaki 4 da falo, murabba'in mita 132, ginin ya shekara 11. Jingina ce aka kasa biya, kotun zartarwa ta ce a sayar. Ta intanet za a yi tayi, daga 27 zuwa 29 ga wannan watan.

Ban taɓa sayen gida ba, a gidanmu ma ba wanda ya taɓa. Kakanmu ya zo ne a ƙafa ta Sudan, ya hau jirgin ruwa a Suwakin, shi ya kafa gidan da muka tashi a ciki a unguwar Gulail, nan Jidda. Da rusau ya zo a 2022 ba mu da sakki, wato takardar mallakar ƙasa, don haka diyyar gini kawai aka ba mu. Tun daga nan haya muke biya, riyal 28,000 a shekara, ni da Maman Fatima da yara da Inna.

Abin da ke hannu: kasona da na Inna daga diyya 150,000, ajiyata 95,000, sai kwasar adashinmu na wurin aiki da za ta faɗo kaina ƙarshen wata, 40,000. Sauran sai banki.

Laraba, 9 Oktoba

Na sauke takardar sharuɗɗan gwanjon na zauna da ita bayan isha'i. Duk wanda zai shiga irin wannan ciniki, ita ya kamata ya fara karantawa kafin ya kalli hotuna, don hotunan ba su faɗin komai sai launin fenti.

Kafin a bar mutum ya yi tayi sai ya ajiye kuɗin shiga, a kan wannan shaggar 20,000. In wani ya fi ka, a mayar maka. In ta faɗo kanka, a lissafa su cikin farashi. Bayan farashi akwai la'adar dillalin da aka ɗora wa sayarwar, kashi 2.5 cikin 100, ita kanta la'adar da harajinta na kashi 15. Sai harajin cinikin gidaje da filaye, kashi 5, wanda aka fara karɓa tun Oktoba 2020. Kuma ana sayar da gida ne yadda yake. Ka gani ko ba ka gani ba, da ka sa tayi an ɗauka ka gani ka yarda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wa'adi: kwana 10 na aiki a cika kuɗin duka. Dokar zartarwa ta 2012 ba ta wasa da wannan. Wanda gwanjo ya faɗo kansa ya kasa biya, a sake sa kayan a kasuwa, in farashi ya sauka shi zai cike giɓin har da kuɗin sake gwanjon. Ke nan ba a shiga da "Allah zai kawo". Allah zai kawo, amma kuɗin ya riga ya zauna a asusu tukuna.

Akwai kuma abin da ya kwantar mini da hankali. Hukuncin da alƙali zai fitar na cewa kai ka ci gwanjon yana wanke gidan daga jingina da sauran haƙƙoƙin masu bin bashi. Su kuɗin za su bi, ba gidan ba. Ga wanda ya tashi a gidan da ba shi da takarda, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Asabar, 12 Oktoba

Inna ta ƙi.

Na yi mata bayanin komai tiryan-tiryan, ta saurara har na gama, sannan ta ce: "Kai da aka fitar da mu muna ji muna gani, yanzu da kuɗina za ka je ka fitar da wasu? Gidan da aka bari da kuka ba na kwana cikinsa." Ban yi musu ba. Kuɗinta ne kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da nake lissafi da shi, kuma ko ba kuɗinta maganarta tana da nauyi a wurina, don ni ma abin yana ci na tun ranar da na ga kalmar jingina a sanarwar.

Da la'asar muka tafi wajen Baffa a Makka, ƙanin mahaifinmu, wanda ya daɗe yana zama gaban malamai a Harami. Inna ta maimaita masa. Ya ce mata: "Yaya, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mutumin nan ba yaronki ne ya sa shi a wannan hali ba, kuma ko kun saya ko ba ku saya ba za a sayar. Abin da zai cuce shi shi ne a rasa masu taya, gidan ya tafi a wulaƙance, ya fita ba gida kuma bashi na wuyansa." Ya ce ciniki da ƙari halal ne, an rawaito daga Anas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sayar da shimfiɗa da ƙoƙon wani mabuƙaci yana tambayar wa zai ƙara. Abin da aka hana shi ne najashi, mutum ya ɗaga farashi ba da niyyar saye ba don ya ruɗi wani, da kuma masu saye su haɗa baki su danne farashi.

Na ƙara da abin da na karanta a dokar: ba a taɓa gidan da mutum ke zaune da iyalinsa saboda bashi, sai in gidan ne da kansa aka jinginar ga mai bin bashin. Kuma abin da ya saura bayan an biya bashi da ɗawainiyar sayarwa, na mai gidan ne.

Inna ta yi shiru mai tsawo. Sai ta ce ta yarda da sharaɗi ɗaya, in da mutane a ciki ba za a kira musu jami'an kotu su fitar da su ba, za a ba su lokaci. Na ce na ɗauka. Baffa ya ce shi ne shaida.

Laraba, 16 Oktoba

Ranar duba gida. Dillalin ya sa lokaci daga la'asar zuwa magariba. Na tafi da Yaya Sani, wanda ya yi shekaru yana aikin famfo da wuta kafin bayansa ya hana shi.

Da mutane a ciki. Mai gidan ne da kansa ya buɗe ƙofa, mutum mai kimanin shekara 50, ya yi mana maraba kamar baƙin da ya gayyata. Iyalinsa sun koma ɗaki ɗaya sun rufe. Akwai wasu masu dubawa da suka riga mu, biyu daga cikinsu da gani 'yan kasuwar gidaje ne, suna buɗe durowar kicin suna ƙiyasta kuɗin haya da ƙarfi a gabansa. Abin bai yi mini daɗi ba. Na cire takalmi a bakin ƙofa, na nemi izini kafin kowane ɗaki. Gida dai nasa ne har ranar da alƙali ya sa hannu.

Yaya Sani bai kalli fenti ba ko sau ɗaya. Silin banɗaki ya fara dubawa, don a bene ciwon maƙwabcin sama a kanka yake sauka, ya sami tabon laima a kusurwa ɗaya, ya ce tsoho ne ya bushe amma bututun sama ne. Ya ƙwanƙwasa tayil ɗin falo da mukulli, wasu sun yi ƙarar fanko. Ya buɗe akwatin wuta ya ce wayoyin lafiya lau, mita kuma tata ce ita kaɗai. Na'urorin sanyaya ɗaki irin na taga ne, duk sun gaji, gishirin iskar Jidda ya cinye bayansu.

Daga nan muka sauka wurin mai gadi, wanda a kowane bene shi ne ya san gaskiya. Na tambaye shi ruwa, ya ce yana zuwa daga layin gwamnati, amma lokacin zafi wani sa'in sai sun haɗa kuɗi sun sayi tanka. Na tambaye shi ruwan sama, saboda duk ɗan Jidda da ya ga ambaliyar da aka yi a unguwar Guwaiza a Nuwamba 2009 ba ya sayen gida gabas da titin Haramaini bai yi wannan tambayar ba. Ya nuna mana inda ruwan 24 Nuwamba 2022 ya tsaya a jikin bangon garejin, bai kai gwiwa ba, bai shiga ramin lif ba. Yaya Sani ya duba ginshiƙan ƙasa, babu tsatsar ƙarfe da ta fasa siminti. Sai ƙungiyar masu shaggogin benen: tana da rajista a Mullak, tsarin gwamnati na irin waɗannan ƙungiyoyin, kowa na biyan 2,400 a shekara don lif da mai gadi da wutar matakala, kuma mai gidan ya yi shekara biyu bai biya ba.

Mai gadin ne ya ce mutumin kamfanin gine-gine yake yi wa aiki, aikin ya tsaya. Ban tambayi fiye da haka ba.

Ƙiyasin Yaya Sani na gyara: 25,000, in aka yi a hankali aka bar kicin yadda yake.

Lahadi, 20 Oktoba

Na so in bi ta bashin gida mai tallafin Sakani, shirin gidaje na gwamnati, tunda Babban Banki ya yarda a ba ɗan ƙasa har kashi 90 cikin 100 na kuɗin gidansa na farko. Amma bankin da albashina ke shiga ya ce sai masu ƙiyasinsu sun shiga gidan sun rubuta rahoto, sannan takardu su zaga, kuma ba wanda zai yi mini alkawarin a gama cikin kwana 10. Ba zan sa wuyana a wa'adin kotu da alkawarin da ba a yi ba.

Don haka na nemi bashin albashi ta hanyar tawarruƙi, wato banki ya sayar maka da haja bashi a sayar da ita ka karɓi kuɗin, 200,000, a biya cikin wata 60, wanda shi ne iyakar da aka yarda. Cirewar wata-wata ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi, tawa ta tsaya dab da nan. Zai matse mu, kuma mallakar gida za ta fitar da ni daga layin masu jiran tallafi, na san wannan asara ce ta gaske. Amma bayan abin da na gani ranar Laraba, shekara 5 ba tare da jinginar gidan ba ta fi kwanta mini a kan shekara 25 da sakkina a hannun banki.

Na kuma fitar da shaidar gidan farko ta manhajar Sakani. Da ita gwamnati ke ɗauke wa ɗan ƙasa harajin kashi 5 ɗin a kan farashin da bai wuce riyal miliyan 1 ba. Dillalin ya ce in kawo ta kafin a yi rajistar cinikin. A nan na tuna maƙwabtanmu na Gulail da aka haifa a ƙasar nan, iyayensu ma nan aka haife su, amma har yau a kan iƙama suke, takardar izinin zama ta baƙi. Rusau ɗaya ya ci mu, wannan ƙofar kuma ba a buɗe take gare su ba.

Lissafi: jimillar kuɗi 485,000. A cire gyara, saura 460,000. Da la'ada da harajinta, tayin da zan iya bai wuce 447,000 ba. Da a ce babu shaidar gidan farko, da 426,000 ne iyakata. Na rubuta 445,000 a takarda na ba Maman Fatima. Na ce mata: "Ranar rufewa ki zauna kusa da ni. In kin ga hannuna zai wuce wannan, ki karɓe wayar." Ta ce ko ban faɗa ba.

Na duba cinikin da aka yi a unguwar cikin 'yan watannin nan a shafin kasuwar gidaje na Ma'aikatar Shari'a. Abin da mutane suka biya ke nan, ba abin da dillalai ke kira a talla ba, kuma iyakar tawa ba ta yi nisa da shi ba. Mai tunanin gidan gwanjo rabin kuɗi ne ya cire wannan daga ransa.

Lahadi, 27 Oktoba

Kuɗin banki sun shiga, kwasar adashi ta zo. Na shiga shafin gwanjon da Nafaz, manhajar tantance mutum ta gwamnati, na ajiye 20,000. An buɗe. Ban taya ba, kallo nake.

Talata, 29 Oktoba

Har azahar farashin yana 392,000, kusan ba motsi. Rabin sa'a kafin rufewa abin ya tashi. Ba ka ganin sunan kowa, lamba ce kawai ke canzawa, kuma duk tayin da ya shigo a mintunan ƙarshe sai a ƙara lokaci, don kada wani ya yi kwanton ɓauna ya fizge a daƙiƙar ƙarshe. Na shiga a 410,000. Mu huɗu ne, a 425,000 biyu suka janye. Na fahimci dalili: ɗan kasuwa zai biya harajin da ni aka ɗauke mini, kuma sai ya bar wa kansa riba. Wanda ya rage, a ganina, mai neman wurin zama ne kamata, don da dubu-dubu yake ƙarawa, kuma yana daɗewa kafin kowace.

Ya sa 440,000. Na sa 441,000. Inna tana kan darduma tana jan carbi, Maman Fatima ta riƙe takardar a cinyarta. Lokaci ya ƙare bai ƙara ba.

Alhamdu lillahi. Ban yi ihu ba, ba wanda ya yi. Inna ta ce: "Allah ya sa abin da ya saura ya ishi mutumin nan ya kama haya." Na yi wa wanda muka kara da shi addu'a Allah ya ba shi wanda ya fi wannan, don na san abin da ke ransa a daren nan.

Talata, 5 Nuwamba

Saƙon tabbatarwa ya zo ranar Alhamis. La'ada 11,025, harajinta 1,653.75, gaba ɗaya 453,678.75. Na cika sauran farashin ta lambar biya da aka turo, bayan na ɗaga iyakar abin da asusuna ke iya fitarwa a rana. Shaidar gidan farko ta wuce, an yi rajistar cinikin a hukumar zakka da haraji ba a nemi 22,050 ɗin ba. Abin da ya rage a hannu ya ɗan haura 31,000.

Bashin ƙungiyar benen, 4,800, na tambayi dillalin a rubuce a kan wa yake. Ko mene ne amsar, na ware kuɗin. Da mutanen nan zan riƙa haɗuwa a lif da masallaci, ba zan fara zama da su da jayayya ba.

Lahadi, 24 Nuwamba

Alƙali ya fitar da hukunci, an cire jinginar, sakki ya fito da sunana, na gan shi a Najiz, shafin Ma'aikatar Shari'a. Na buga a takarda na kai wa Inna. Ba ta karanta boko amma Larabci tana karantawa, ta bi layin da yatsa har ta kai sunan kakanmu a ƙarshen sunana, ta ninke ta sa a jakar da take ajiye fasfonta.

Asabar, 30 Nuwamba

Na je wurin tsohon mai gidan, da Baffa, don irin wannan zama ba na yaro shi kaɗai ba ne. Na kira shi tun jiya na nemi lokaci. Ya kawo gahawa da dabino. Kwalaye sun riga sun taru a falo.

Baffa ne ya yi magana. Ya ce ba mukulli muka zo karɓa ba, mun zo jin abin da zai yi masa sauƙi. Mutumin ya ce bayan an biya banki akwai abin da zai dawo masa, ba mai yawa ba, amma zai kama haya da shi in ya fito daga kotu. Damuwarsa yaransa uku, makarantarsu a unguwar take, zangon karatu na biyu bai daɗe da farawa ba. Na ce ya zauna har ƙarshen Fabrairu, yara su gama zangon, ya tashi kafin azumi. Ya ce ba zai zauna kyauta ba. Na so in ƙi, Baffa ya taɓa gwiwata. Daga baya a mota ya ce mini: "Ɗana, mutumin da aka sayar da gidansa, in ka hana shi biyan haya ka ƙwace masa abin da ya rage." Muka tsaya a 1,000 a wata, ƙasa da rabin hayar unguwar, kuma wuta da ruwa nasa.

Ni kuma na nemi abu ɗaya, a rubuta a Ijar, shafin gwamnati na rajistar haya. Yarjejeniyar haya da aka yi rajista a can tana da ƙarfin takardar zartarwa, ranar fita tana ciki, ba sai an je ana ka ce na ce ba. Wasu a wurin aiki sun ce rubutu yana ɓata alheri, wasu kuma sun ce wautar ita ce barin sa ya zauna ko kwana ɗaya. Ban yarda da ko ɗaya ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma alherin da ba a sa masa rana ba shi ne yake komawa gaba tsakanin mutane. Shi ma ya fi son haka, ya ce zai iya nuna wa iyalinsa ranar su shirya.

Wannan zai ci mini hayar wata uku a inda muke, kusan 7,000, nasa 3,000 zai rage wani abu. Zai fito daga kuɗin gyara.

Lahadi, 8 Disamba

Mun sa hannu a Ijar, daga 1 Disamba zuwa 28 Fabrairu 2025. Mai gidan hayarmu ya yarda ya tsawaita mana zuwa ƙarshen Maris, wata-wata.

Na gana da shugaban ƙungiyar benen, na biya 4,800 ɗin, ya ba ni rasit, ya kuma haɗa ni da maƙwabcin sama. Ya amince Yaya Sani ya shiga banɗakinsa ranar Asabar ya duba bututun, in gyara ne mu raba kuɗin. Da wannan da ƙarin hayar, kuɗin gyara ya sauko wajen 22,000, don haka na sake jeri: bututu da silin banɗaki tukuna, sai na'urar sanyi biyu, ta ɗakin Inna da ta yara, sai fenti. Tayil ɗin falo zai jira bayan babbar salla. Mayar da mitar wuta sunana sai ranar karɓar mukulli, shi ma neman wa Fatima canjin makaranta sai a zango na uku.